Mutanen da Ke Tafiya a Kife a Bangon Sarki Ukashatu

An yi wani sarki a Birnin Marke, a wani zamani da ya shuɗe, sunansa Ukashatu. Mutum ne mai kwarjini da kaifin hankali, wanda talakawansa suka yi wa shaidar tsare gaskiya, sai dai yana da hali guda da manyan fadarsa suke shakka, wato in ya ce ya ga abu da idonsa, to magana ta ƙare, babu mai ƙara masa, babu mai rage masa.

Ana nan sai ciwon ido ya kama shi, hasken rana ya zame masa azaba, masu magani suka ba da shawara ya ƙaurace wa haske har ya sami sauƙi. Aka gyara masa wani tsohon soro a ƙarshen gida, wanda bayansa yake kallon hanyar masallaci, aka shafe bangonsa da farar ƙasa, aka rufe tagarsa da ƙyauren katako, aka saki labule mai kauri a ƙofa. Ba a barin kowa ya shiga sai Gagare, bokan da ke yi masa magani, wanda ya hana ko da 'yan'uwan sarki su leƙo shi.

Wata rana da hantsi sarki yana kwance, idonsa ya saba da duhun, sai ya ga wani haske mara ƙarfi ya shimfiɗu a bangon da ke bisa gadonsa. Ya ƙura ido, sai ya ga abu yana motsi a ciki. Mutane ne ƙanana, ba su fi tsawon kamu ba, suna tafiya ƙafafunsu a sama kawunansu a ƙasa, kamar jemagu a rufin kango. Wata mace ta wuce da tulu a ka, tulun yana rataye a ƙarƙashinta, ruwan bai zube ba. Jaki ya biyo ta, kofatansa suna taka sama. Babu sautin ƙafa, babu murya, suna fitowa daga duhu ta wannan gefe, su shige duhu ta wancan gefe. Sarki ya miƙa hannu ya taɓa bango, sai ya ji sanyin ƙasa kawai, kuma wani tsoho ya ratsa ta bayan hannunsa ya wuce bai waiwayo ba.

Sarki ya ɓoye al'amarin, domin mai mulki ba ya son a ce hankalinsa ya taɓu. Kullum suna zuwa in rana ta ɗaga, su dusashe in ta karkata. Rannan sai wani ya fito cikinsu sanye da jar alkyabba, yana ɗan ɗingishi, kuma duk birnin mutum ɗaya ne mai wannan alkyabba da wannan tafiya, shi ne Ciroma Sa'adu, ƙanen sarki, wanda zai gaje shi in ta Allah ta kasance. Sauran suka wuce, shi ya tsaya. Ya juyo, yana rataye a kife daidai kan gadon, ya miƙo hannuwansa biyu ƙasa wajen fuskar sarki, leɓɓansa suna motsi. Ya daɗe a haka sannan ya tafi. Kashegari ya komo, haka ma jibi.

Sarki ya kira Gagare ya nuna masa. Boka ya gani, bai taɓa ganin irin wannan ba, amma bai iya cewa bai sani ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kurwa ce aka aiko. Mai jar alkyabba shi ne ya turo su, kuma hasken idonka yake zuƙewa. In ba a kashe nasa idon ba, naka ba zai warke ba."

Kafin azahar an kama Ciroma an sa masa marin ƙarfe a ƙafa. Amma al'adar Birnin Marke ita ce ba a zartar da hukuncin jini sai da amincewar alƙali, saboda haka aka kira Alƙali Ɗayyabu, dattijo wanda ya yi yawon neman ilimi ƙasashen gabas a ƙuruciyarsa, har ya zauna da masu maganin ido a Masar. Ya durƙusa bayan labule ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Allah ya gafarta malam, na ga ƙanena yana yi mini sihiri, kuma na yanke a ƙwaƙule idanunsa. Amincewarka kawai ta rage."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban taɓa tuhumar gaskiyarka ba, sai dai shari'a ta ɗora mini in ga hujja kafin in yarda a ɓata abin da ba mai iya mayar da shi sai Mahalicci. Ina roƙon a yi mini izini in zauna tare da kai gobe, in ga abin da ka gani."

Da hantsi alƙali ya shiga ya zauna. Da bangon ya fara haske, mutanen suka bayyana, sai ya shiga karanta addu'o'in tsari a ɓoye, domin ilimi ba ya hana tsoro zuwa da farko. Can sai ga jama'a a jere, suna ɗauke da makara a kife, gawar tana lilo a ƙarƙashinsu ba ta faɗo ba. Sarki ya ce a hankali, "Ka gani, sun kawo mini makarata."

Alƙali ya dubi shuɗin zanen da aka rufe makarar da shi, ya dubi mai gaba, dogo mai farin gemu, sai ya gane su. Maƙwabcinsa ne marini ya rasu da asuba, kuma ya baro waɗannan mutane a ƙofar gidan suna jiran a gama sutura. Ya waiwaya bayansa, sai ya ga wani siririn zaren haske yana fitowa daga ƙyauren taga, ta wata 'yar huda da gara ta ci. Ya tashi ya ɗora babban yatsansa a kai. Nan take makara da masu ɗauke da ita suka ɓace, ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Ya ɗauke yatsa, suka komo suna tafiyarsu.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, waɗannan talakawanka ne masu rai, suna wucewa ta bayan wannan soro, surarsu ce haske yake shigowa da ita ta wannan huda."

Sarki ya ce, "Ka gano ƙofar da suke shigowa, amma ba ka tabbatar mini ko su wane ne ba. Talakawana ba sa tafiya da ka. Ka bayyana mini dalilin kifewarsu kafin rana ta karkata, bayanin da zan gani da idona. In ka kasa, zan ɗauka bakinku ɗaya da Ciroma, kuma abin da ya same shi zai same ka."

Alƙali ya aika wa Sarkin Fawa a kawo masa idanu biyu na bijimin sa wanda aka yanka a ranar, da aska mai kaifi, ya kuma roƙa a fito da Ciroma da marinsa a tsayar da shi a kan hanya daidai tagar. Ya kunna 'yar fitila, ya tsaga ido ɗaya a kan faifai, wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai ya kwarara.

Ya ce, "Dubi nan, ranka ya daɗe. Wannan baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido, wanda muke zaton tabo ne, huda ce, kuma tana tsukewa in haske ya yi yawa, ta buɗe in ya yi kaɗan, shi ya sa ba ka ganin komai in ka shigo duhu sai ka ɗan jima. A bayanta ga wannan ƙwaya mai kama da ƙanƙarar ruwan sama, aikinta ta tattara haske wuri guda. Can ƙurya kuma ga wani tantani mai laushi a shimfiɗe, shi ne bangon da sura take sauka a kai, daga gare shi wannan farar jijiya take ɗaukar labari zuwa ƙwaƙwalwa. Shi haske a miƙe yake tafiya kamar zaren masaƙi, ba ya lanƙwasa don kansa. Wanda ya taso daga kan mutum, in ya bi ta ƙaramar huda, sai ya gangara ya sauka ƙasa, wanda ya taso daga ƙafarsa kuma ya haura ya sauka sama. A bakin hudar suke giciye, shi ne asalin kifewar."

Sarki ya ce, "Wannan zance ne. Ina abin gani?"

Alƙali ya ɗauki ido na biyu, ya shiga fere farin da ke bayansa da aska a hankali, har wurin ya yi siriri kamar ɓawon albasa. Ya faɗaɗa hudar ƙyauren, ya dasa idon a ciki yana kallon hanya, ya hure fitila, ya ce wa sarki ya matso.

Sarki ya sunkuya. A bayan idon matacciyar dabba, a fili wanda bai fi farce ba, sai ga hanyar masallaci da bishiyarta, ga dogarai biyu, ga Ciroma Sa'adu cikin jar alkyabba da mari a ƙafa, dukansu a kife, ƙanana ƙwarai, suna motsi. Sarki ya ja da baya, ya sake sunkuyawa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Nawa idon ma haka yake?"

Alƙali ya ce, "Haka yake, da nawa, da na kowane ɗan Adam. Tun ranar da aka haife ka a kife duniya take sauka a cikin idonka, hankali ne yake karɓarta ya fahimce ta a miƙe, ba tare da ka sani ba."

Sarki ya rufe fuskarsa da hannun riga, ya sa aka ɓalle ƙyauren. Ta tagar ya yi magana da ƙanensa, ya ce, "Sa'adu, me kake yi a bayan ɗakina kullum, kana miƙo hannu?"

Ciroma bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, an hana ni shiga in duba ka, sai na riƙa tsayawa a nan in za ni masallaci, in ɗaga hannu in roƙa maka lafiya."

Sarki ya umarta a cire masa mari nan take. Aka nemi Gagare aka rasa, ya riga ya fice ta ƙofar baya. Mutane suka watse, ya rage daga sarki sai alƙali, haske ya cika soron. Alƙali ya yunƙura zai yi sallama, sai sarki ya riƙe gefen rigarsa, ya rage murya.

Ya ce, "Malam, saura ɗaya. Akwai wani baƙi dogo da ke tsaye a gefen haguna. Shi ba a kife yake ba, kuma ba shi da fuska. In na juya in dube shi sai ya matsa, in na kau da kai sai ya biyo ni. Yanzu haka yana tsaye a bayan kafaɗarka."

Alƙali bai waiwaya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rufe idonka na dama."

Sarki ya rufe, ya ce, "Yana nan, ya ma ƙara fitowa sosai."

"To buɗe shi, ka rufe na hagu."

Sarki ya yi, sannan ya ce, "Ya tafi."

Alƙali ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, ko da zai yi maka ɗaci. Wannan ba daga waje ya shigo ba. Tantanin nan da na nuna maka ne ya fara lalacewa a idonka na hagu, kuma inda ya mutu ba ya karɓar haske, shi ne kake gani kamar mutum. Na ga irinsa a gabas, ban ga wanda ya iya warkar da shi ba. Ina tsoron zai yi ta faɗi har ya rufe idon."

Sarki ya ce, "Da an ƙwaƙule na Sa'adu, da wannan ya tafi?"

Alƙali ya ce, "Da yana nan tsaye, ranka ya daɗe."

Da aka yi zaman fada, sarki ya fito fuskarsa a lulluɓe da amawalin rawaninsa, ya ba da labarin duka da bakinsa, bai rage abin da ya shafe shi ba. Ya yafa wa Alƙali Ɗayyabu alkyabbarsa, ya ba shi gonaki da ingarma, ya naɗa shi waziri. Ya nemi gafarar ƙanensa a gaban jama'a, Ciroma ya ce ya yafe, amma ba da daɗewa ba ya roƙi izini ya koma wani gari a kan iyaka, kuma sai da salla yake zuwa gaisuwa.

Baƙon nan kuwa bai bar sarki ba. A hankali ya riƙa matsowa daga gefe zuwa tsakiya, har fadawa suka saba ganin sarki yana tsakiyar magana ya ɗan karkata kai, kamar mai ba wani wuri. Kafin damina ta zagayo idon hagu ya rufe. Da ido ɗaya ya ƙarasa mulkinsa, kuma ya kafa doka cewa ko shi kansa, in ya zo da ƙara, sai an nemi wanda ya ga abin tare da shi, an kuma ji ta bakin wanda ake tuhuma.

Ku sani, ya ku masu hankali, ido amintaccen manzo ne amma ba alƙali ba ne, kuma mai mulkin da ya yanke hukunci a kan abin da shi kaɗai ya gani yana iya hukunta bawan Allah saboda cutar da ke cikin idonsa shi kansa. Allah ya tsare mu da zaluntar wanda yake yi mana addu'a.