Bindigar Bobboyi da Hannun Mika'ilu

Akwai wani babban akawu da aka yi a Yola, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas, sunansa Bobboyi. Mutum ne mai son a san da shi. Ko gaishe shi ka yi, sai ya gyara wuyan riga kafin ya amsa.

Yana da gonar masara a Namtari, gyado, wato aladen daji, ya addabe ta da ɓarna. Da ya ji wani Bature zai koma ƙasarsu yana sayar da bindigogin farauta guda uku, sai ya aika Jimeta aka kira masa Mika'ilu, tsohon maharbi mai gyaran bindiga. Tsohon nan ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Hannunsa na dama shi ne abincin gidansa.

Da suka je gidan Baturen tare, Bobboyi na shiga ya rungumi wadda aka yi wa ado da azurfa. Mika'ilu ya karɓa, ya ɗaga bututunta saitin rana ya leƙa ciki, ya girgiza kai.

"Yallaɓai, wannan kyan waje ne kawai, tsatsa ya cinye cikinsa. Ɗauki baƙin can. Layin cikinsa sabo ne ful, sai dai yana naushin kafaɗa, sai an saba."

"Ni za ka koya wa bindiga, Bappa?" in ji Bobboyi. Amma baƙar ya saya.

Sau uku yana fita, sau uku yana harbin ƙasa. Gyado ya ci masara ya ƙoshi, leburorin gona suka fara ƙus-ƙus.

Ranar wata Asabar ya tara abokansa na ofis a gonar, ya sa aka kawo Mika'ilu. "Gurguwar bindiga ka zaɓa mini. Gyara ta yanzu a gaban mutane."

Tsoho ya karɓi bindigar. Ya gwada ƙusoshin da suka haɗa ƙarfe da katako, ya tarar a ɗaure suke. Ya duba ko saiti ya goce, ko damina ta kumbura katakon, duk lafiya. Ya goge cikin bututu, ya ɗora ƙwarya kan suri, ya ja da baya taki ɗari, ya kwanta ya yi harbi uku. Tafin hannu ɗaya ya isa ya rufe hudojin nan uku.

Sai ya juya baya kamar mai ɗura harsashi, ya miƙa wa Bobboyi. Maigida ya auna, ya runtse ido biyu, ya fizgi kunama har bakin bindiga ya dunguri ƙasa. Ƙas! Ashe babu komai a ciki.

Wani abokinsa, Jalo, ya fashe da dariya, sauran suka kama.

Mika'ilu ya matso ya rage murya. "Ka gani, Yallaɓai? Tsoron ƙara ne ke janye hannunka. Ni ma haka babana ya gwada ni. Ka zo wurina sati biyu, zai wuce."

Gaskiya ya faɗa, cikin ladabi kuma ya faɗe ta. Amma dariyar nan ce kawai ta shiga kunnen Bobboyi.

Lokacin ana yaƙin basasa, maganar bindiga ba abin wasa ba ce. Bobboyi kuwa akawu ne, ya iya alƙalami. Ya zauna ya rubuta takarda ba suna, cewa wani tsoho a Jimeta yana ƙera bindigogi yana sayarwa a ɓoye. Kwana biyu aka zo aka tafi da Mika'ilu, aka kwashe kayan aikinsa.

Matarsa Zinariya ta gane inda abin ya fito. Ta tako da ƙafa daga Jimeta har Yola, ta durƙusa a ƙofar gidan Bobboyi tun hantsi har azahar. Ya aiko aka ce mata Yallaɓai yana hutawa. Wallahi duk labarin nan babu inda ya fi ƙona mini rai kamar nan.

Kwana goma sha ɗaya aka riƙe Mika'ilu. Masu tuhuma suka ɗora hannunsa na dama kan tebur suka yi ta bugu, wai ya faɗi abokan cinikinsa. Da ba a sami komai ba aka sake shi. Yatsu uku suka warke a karkace, ba sa lanƙwasuwa.

Bobboyi ya sami wani ya goge masa saitin da magagari, ya ce yanzu ta gyaru. Ana gab da girbi ya koma gona, gyado ya fito masa a fili. Ya runtse ido kamar kullum. Harsashi ya shafi cinyar dabbar, ta juyo a fusace, ta farke masa gwiwa da haure. Kafin a kai shi asibiti ƙafar ta lalace, sai yanke ta aka yi.

Wata huɗu yana kwance, masu dubiya suna raɗa cewa alhaki ne. Ranar da ya iya dogara sanda ya naɗe bindigar a zane ya tafi Jimeta. Ya tarar da Mika'ilu a zaure, ya rame, yana cin tuwo da hannun hagu.

"Bappa, ka yafe mini. Ga ta nan, taka ce. Duk lardin nan babu irinta."

Zinariya ta leƙo ta tsaya, ba ta gaishe shi ba.

Mika'ilu ya daɗe yana kallon bindigar, don har yanzu yana son ta. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama a gaban fuskar Bobboyi.

"Da wane yatsa zan ja shi, Yallaɓai?"

Ya mai da kansa kan tuwonsa.

Darasi: In aikinka ya ƙi kyau, fara bincikar kanka kafin ka ɗora wa kayan aiki ko wanda ya nuna maka kuskurenka. Kunyar gyara ta yini ɗaya ce, amma akwai cutar da neman gafara ba ya mayar da abin da ta lalata. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jin haushin a gyara musu.