Sunan da Dela Ta Ƙi Kamawa

Tun zamanin da giwaye ke shan ruwa a inda kasuwar Kurmin Dela take yau, wani maharbi ya sauka a wannan daji da amaryarsa Dela da karnuka bakwai. Shi ya kashe ɓaunar da ta hana kowa zama, shi ya haƙa rijiyar farko, mai zurfin gaba goma sha biyu. Da mutane suka taru, aka naɗa shi Sarkin Baka. Ana yi masa kirari: na Dela gagara daji, kibiyarka ba ta dawowa da yunwa.

Abu ɗaya yake tsoro, tsufa. Ya ga ubansa, wanda ya taɓa ja da zaki, ana ba shi kunu a baki da ludayi. Tun bai haihu ba sai ya tafi kogon dutse wurin wata bokanya, Gwamma.

"Zan ɗaure maka shekaru," in ji ta. "Furfura ba za ta same ka ba, kabari ma haka. Amma kowane ƙulli da bakin zarensa. Ranar da ka gaji, sai wanda ya san ka kafin yau ya kira ka da sunanka na yanka, sannan ƙullin ya kwance."

Ya yi dariya, ya shanye ƙwaryar maganin da ta miƙa masa. Wa ke gajiya da ƙuruciya?

Magani ya ci. Shekara sittin gashinsa baƙi wuluk, haƙoransa cif. Abokansa suka tafi ɗaya bayan ɗaya, yana zuwa jana'iza da ƙirji a buɗe kamar ɗan dambe. Baƙo kan durƙusa wa ɗansa, shi kuwa uban a miƙa masa hannu kamar yaro. Da farko abin na ba shi dariya. Ranar da ya sa ɗan farinsa a rami, tsoho tukuf, dariyar ta ƙare. Jiki bai tsufa ba, amma zuciya ba ta sha maganin ba.

Ya ƙirga waɗanda suka san shi kafin kogon. Saura Dela, ita ma tana kwance. Tun da aka kawo ta, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kamar kowace macen kirki ta lokacin.

Ya durƙusa a gabanta da hantsi, ya gaya mata komai.

"Dela, kira ni sau ɗaya. In bi ki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Haba maigida. Shekara saba'in ban yi ba, sai yau da zan gamu da Allah?"

"Roƙonki nake yi."

"Ka yafe ni. Bakina ba zai iya ba."

Kafin azahar ta cika. Ni dai ban ga laifinta ba, kuma tausayinsa bai taɓa barina ba.

Bayan sadakar bakwai ya rataya kwari ya shiga daji. Maharba sun ce har yanzu akan gamu da wani ƙaƙƙarfan mutum da tsakar rana, yana tambaya ko akwai wanda ya san shi.

Shi ya sa a Kurmin Dela, kafin amarya ta shiga ɗaki, ake kai ta bakin tsohuwar rijiya ta kira mijinta da sunansa, da ƙarfi, sau ɗaya, komai kunyarta. Tsofaffi ba sa guɗa a wurin. Sai dai su juya wajen daji.