Ranar da Aka Faɗa wa Ungulu Mutuwa

"To, kowa ya gyara zama. Ke Delu, sauke ƙafarki daga kan ƙanenki. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

A wani daji akwai tafki ɗaya tak wanda ba ya ƙafewa, kome tsananin rani. A bakinsa akwai wata tsohuwar tsamiya. A kanta Ungulu take da gida, gidan gado tun kaka da kakanni. Tana da ɗa guda, ko fiffike bai yi ba, don ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara.

Aikinta kun san shi. In dabba ta faɗi, ita ke fara hangowa daga sama. Sai ta yi jewa, sai ta sauko da jama'arta su share wurin. Ba mai gode mata, ita ma ba ta jiran godiya.

To akwai Balbela, mai farar riga, wadda ke hawa bayan ɓauna tana cin kaska tana kiran kanta mai tsabta. Ta daɗe tana ƙyashin tsamiyar nan. Ran nan sai ta tafi fadar Zaki, ta faɗi ta yi gaisuwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin Ungulu ta yi jewa ba a tarar da gawa a ƙasa ba?"

Zaki ya ce, "Ban taɓa ba."

"To ita ke kawo mutuwar. A kore ta mu huta."

Kun ji fa hankali! Kamar a ce mai haƙa kabari shi ke kashe mutane. Amma fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne! Gaskiya ne!" Sai aka yi shela: daga yau sunanta Ci-mushe, ta bar tsamiya, ita da duk mai taɓa gawa.

Sai Ungulu ta goya ɗanta ta tashi. Ba ta sami masauki ba sai kan wani falalen dutse, babu inuwa ko ta tsinke. Hankaka da Babba-da-jaka suka biyo ta, da Buzuzu, da ƙudaje, da tururuwa, da gara. Tun hantsi har la'asar tana tsaye, ta buɗe fikafikai tana yi wa ɗanta inuwa, shi kuwa sai haki yake. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kuka a ɓoye.

Ba a yi kwana bakwai ba sai tsohuwar Ɓauna ta zo shan ruwa. Ta durƙusa a bakin tafki, ba ta ƙara tashi ba. Rabinta a tudu, rabinta a ruwa. Balbela ma tana kan bayanta lokacin, kun ga wanda ya kamata a kora.

Kwana ɗaya, gawa ta kumbura. Aka yafa mata ganye, wari ya keto ganye. Sai Zaki ya aiki Zomo.

Zomo ya tsaya daga nesa, ya toshe hanci. "Ke Ci-mushe! Sarki ya ce ki zo ki kwashe ƙazantar nan."

Ungulu ko kallonsa ba ta yi ba. Sai ta ce:

"Ban ji ba, ban gani ba,
Ba a faɗa mini mutuwa ba."

Da Zomo ya tafi, Buzuzu ya matso. "Uwar ɗakina, ai kin gani. Kafin kowa kika gani."

Ta ce, "Na gani da ido. Amma in an yi rasuwa, dangi aika musu ake yi, bare ne ke ji a bakin hanya. In na koma yau ina Ci-mushe, gobe wari ya tafi su sake koro mu. Ɗana ba zai jure kora biyu ba."

Kwana biyu, ruwa ya fara kore. 'Yar barewa ta sha, cikinta ya murɗa. Sai Zaki ya aiki Biri, mai zaƙin baki.

Biri ya zo yana washe haƙora. "Gimbiyar sama! Ga nama can jibge, kyauta, ba mai hana ki. Zo ki ci ki ƙoshi."

Ta ce, "Au, biki aka gayyace ni?"

Daidai nan ɗanta ya ɗaga kai da ƙyar. "Inna, zafi." Wallahi saura ƙiris ta bi Biri. Ta dubi yaron, ta dubi tsamiya can nesa, zuciyarta tana ƙuna. Sai ta cije, ta ce:

"Ban ji ba, ban gani ba,
Ba a faɗa mini mutuwa ba."

Kwana uku, ba mai iya kusantar tafki. Ƙishirwa ta kama daji kaf. Ɗan Ungulu kuwa ya daina ko kuka. Tana tsaye a kansa tana cewa a ranta, ko dai na yi wauta ne?

Sai ta ji sallama. Ta leƙa, sai ga 'yar marigayiya, wata maraƙa, idanu sun kumbura. Ba wanda ya aiko ta. Ba ta toshe hanci ba. Ta zo gindin dutse ta durƙusa.

Ta ce, "Gwaggo, na zo in faɗa miki, Allah ya yi wa innata rasuwa. Yau kwana uku tana kwance a rana, kowa sai ya tofar da yawu ya wuce. Ki zo ki yi mata sutura."

Sai hawaye ya zubo wa Ungulu. Ta ce, "Allahu akbar! Allah ya jiƙanta. Yaya haƙuri?"

"Da godiya, Gwaggo."

"To tashi, 'yata. Goya mini ƙanenki, ki kai shi inuwa. Sauran aiki namu ne."

Sai Ungulu ta buɗe fiffike, ta hau sama, ta hau, har ta koma kamar ɗigon tawada. Ta yi jewa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ungulu dai ba ta jewar banza. Daga gabas aka hango, daga yamma aka hango, sai ga 'yan'uwanta suna ta sauka fam, fam, fam, har bakin tafki ya yi baƙi.

Mikiya mai ƙarfin baki ta tsaga fata. Ungulaye suka zura wuya har cikin ciki. Kai Tanko, daina yamutsa fuska! Da ba don sanƙon nan na ungulu da kuke yi wa dariya ba, yaya za ta fito da kanta ba gashi ya cuɗe ba? Babba-da-jaka ya haɗiye manyan yanka. Hankaka ya tsince guntaye. Kura ta ji labari, ta zo ta jawo ƙasusuwa daga ruwa zuwa tudu. Kafin rana ta yi ja, sai haƙarƙari.

Sai ƙanana suka karɓa. Ƙudaje suka zuba 'ya'yansu, tsutsotsi suka shiga lungun da baki bai kai ba. Buzuzu ya dunƙule abin cikin tumbi, ya mirgina da baya-baya, ya haƙa rami ya binne, ya dawo ya sake. Tururuwa suka wanke ƙashi ya yi fari tas, Kura ta dawo ta taune shi. Gara ta zo ƙarshe, ta yafa ƙasa a kan ragowar fata, kamar yadda ake rufe kowa. Kwana uku, ba abin da ya rage sai ƙaho biyu.

Ruwa ya kwanta, ya yi garau. Zaki ya zo ya sha, ya sha, ya ɗaga kai ya dubi tsamiya. Ga Ungulu a gindinta, ga ɗanta ya farfaɗo yana miƙa wuya.

Ya ce, "Ke, Ci-mu..."

Sai maraƙar nan ta buga kofato a ƙasa. "Ranka ya daɗe, gwaggona ce."

Zaki ya dubi ƙahon nan biyu, ya dubi furfurar da ta fara fito masa a gemu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, hau gidanki. Ranar da tawa ta zo, ni ma a faɗa miki."

Balbela ba ta jira an ce mata kome ba, ta tattara farar rigarta ta yi gaba. Har yau tana bin bayan shanu. Da damina ta sauka, ciyawar da ta fito inda Ɓauna ta kwanta ta fi ta ko'ina tsawo, maraƙar ta ci ta yi ƙiba. Ungulu kuwa ta koma gidanta na tsamiya, a kan reshen da aka haife ta ɗanta ya koyi tashi.

Ƙurunƙus kan kusu, na ɗaure ta a nan. Kada in ƙara ganin wani ya jefi ungulu a mahauta. Kuma in kun haɗu da mai wankan gawa a hanya, ku durƙusa ku gaishe shi, don kowa da ranar da zai buƙaci sutura.