Gugan Gwanki

A zamanin da, tun garinmu yana kurmi, an yi wani maharbi, Jatau ɗan Barmo, mai kirarin "Kibiya ɗaya, ba ka maimaita harbi." Haka Inna, uwar maigidana, ta ba ni labari muna tsintar wake, ni kuwa ban ƙara komai ba.

Wata bazara ƙishirwa ta kayar da shi a dawa. Sai ga gwanki ya tsaya a kansa, ƙafafunsa jiƙe da laka. Jatau ya bi sawunsa da rarrafe har ya iske idon ruwa a gindin wani dutse. Da ya sha ya farfaɗo, sai ya ɗauki alkawari: gabashin ruwan nan na namun dawa ne har abada.

Ya kafa bukka, jama'a suka biyo shi. Makiyaya suka zo, marina suka zo, gari ya cika har ruwan ya kasa, mata suna fasa wa juna tuluna. Jatau ya tara samari suka haƙa, suka kewaye da ginin dutse ya zama rijiya, suka ja magudana zuwa sababbin unguwanni. Aiki ya yi kyau, sai dai ginin ya haɗa har da gabas.

Matarsa Kyauta ta ce, "Maigida, shi wanda ya nuna maka ruwan fa, da wane guga zai ja?"

Ya ce, "Ke dai! Dawa ai da faɗi."

Ba a jima ba aka wayi gari ga gwankin nan kwance jikin ginin, ƙahonninsa sun gurje wajen tunkuyin dutse. Ya mutu yana jin ƙanshin ruwa.

An ce Jatau bai ƙara ɗaukar baka ba. Ya sassaƙa kwamin shan dabbobi da hannunsa, ya girka a gabas, kuma ba ya kurɓar ruwa sai ya juye gugan farko a ciki. Kullum kafin hantsi kwamin ya bushe, ba sawun kowa. Har ya rasu bai yarda an sake yi masa kirari ba.

Bana aka ja mana famfo har ƙofar gida. Ranar da ruwa ya fara zuwa, na cika bokiti zan kai randa, Inna ta riƙe hannuna.

"'Yar nan, na gwanki tukuna."

Na sunkuyar da kai, na juye ruwan bokitin a gabas.