Hanyar da Lateef Bai Nuna wa Baƙo Ba

Akwai wani mutum a Fagge da ake kira Lateef. Iyayensa daga Ogbomosho suka zo, amma shi a Fagge aka yanke masa cibiya, babu lungun da bai sani ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wani kamfani mai raba atamfa a Kantin Kwari.

Kamfanin yana da al'ada. Duk ma'aikacin da aka turo daga wani gari, kafin ya taɓa aiki sai tsohon hannu ya zagaya da shi a ƙafa. A kai shi ya gai da mai unguwa, a haɗa shi da 'yan dako da masu shaguna, a nuna masa hanyar da ake bi da wadda ba a bi. Lateef ne ke wannan zagaye.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, aka buƙaci sabon shugaban direbobi. Lateef, da yake sa ran shi za a ba, har ya ɗinka sabuwar riga. Sai ga takarda daga hedikwata: an turo wani Cyprian daga Aba.

Abin ya ci wa Lateef rai ƙwarai.

Cyprian ya iso da matarsa Obiageli, da tsohon ciki, suka kama ɗaki a Sabon Gari. Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Ranar Litinin manaja ya ce, "Lateef, ga baƙonka. A zagaya da shi."

"An gama, Alhaji," in ji Lateef.

Da manaja ya juya baya, ya miƙa wa Cyprian makullai, ya ce masa da Turanci, "Tunda kai ne oga, ai ka san komai." Zagayen ke nan.

Garin kuwa a lokacin ba a natse yake ba. Kullum da jita-jitar da ake tashi da ita, wai an yi rikici a can Kudu. Ko taya ce ta fashe, sai ka ga ana rufe shaguna.

Ranar Juma'a direba ɗaya bai zo ba, ga dilar atamfa ashirin ana jira a Kwari. Lateef yana alwala ya ga Cyprian ya shiga motar da kansa. Ya san wace hanya zai bi. Ya kuma san cewa ranar Juma'a masallaci kan cika har jama'a su shimfiɗa tabarmi a kan titin, a rufe shi ruf. Kalma biyu ta isa ya gargaɗe shi. Ya yi shiru, a ransa yana cewa bari ya ɗan sha kunya.

Ana tsakiyar huɗuba, Lateef yana zaune a sahun waje, sai ya ji hon ɗin mota. Aka sake dannawa, dogo.

Motar ta kutso ta wani lungu, tayarta a kan tabarmar wani dattijo. Cyprian ya so ya ja baya, babu hanya. Matasa suka miƙe. Wani ya ce, "Da gangan ya yi!" Wani ya ce, "Turo shi aka yi!" Aka fara dukan motar. Ta gilashi Lateef ya hango fuskar Cyprian. Sai ya tuna da matar nan mai ciki da ke jira a Sabon Gari.

Ya tsallake sahu da gudu, ya jingina bayansa da ƙofar motar, ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya don Allah! Baƙona ne! Bai sani ba!"

Dutsen da aka riga aka jefa ya same shi a gira. Jini ya wanke sabuwar rigar.

Dattijon da aka taka wa tabarma, Malam Inuwa mai gyaran agogo, ya miƙe ya daka wa matasan tsawa har suka ja baya. Sannan ya juyo.

"Lateef, baƙonka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Duk baƙon da kamfaninku ya yi, kana kawo mana shi mu gaisa. Wannan me ya sa ba mu san shi ba?"

Lateef ya dafe girarsa da ke zubar da jini.

Cyprian ne ya kai shi asibiti, yana ta gode masa a hanya. Godiyar nan ta fi dutsen ciwo. Kafin a gama ɗinke ciwon, Lateef ya gaya masa gaskiya duka.

Ranar Litinin, da bandeji a fuska, ya zagaya da Cyprian a ƙafa. Suka fara da rumfar Malam Inuwa. Idon hagun Lateef kuwa bai ƙara gani sosai ba.

Darasi: In aka damƙa maka baƙo a wurin aiki, abin da ka sani amana ne a hannunka. Ɓoye masa hanya don hassada na iya jawo asarar rai, kuma ba ka san kan wa dutsen zai sauka ba. Ku tura wa duk wanda ke karɓar sababbin ma'aikata.