Kurege da Karatun Cika Baki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wani Kurege ne, marowaci na gaske, ko ɓawon gyaɗa ba ya bar wa kaza. Yana da 'ya'ya biyu, Cindo da ƙanwarsa Kande. Tun suna rarrafe ya zaunar da su ya ce, "In kuna cin abinci kuka ji sallama, ku cika bakinku dam. Mai abinci a baki ba a ganin laifinsa in bai yi tayi ba." Yara suka haddace, har suka fi malamin.

Ana nan ana nan, Kurege ya tsufa, noma ya gagara. Sai ya raba musu rumbunan gyaɗarsa biyu, ko ƙwaya bai rage wa kansa ba. Wai shi ya huta, yau ya ci a gidan wannan, gobe a gidan waccan. Ku ji wauta wurin mai wayo.

Da hantsi ya nufi gidan Cindo. "Salamu alaikum."

Cindo ya dumbuzi gyaɗa ya cika baki dam. "Mmm," in ji shi, yana nuna kumatu.

Ya wuce gidan Kande. "Salamu alaikum."

Kande ta cika baki dam. "Mmm."

Kurege ya zauna gindin kuka, ga yunwa, ga alfahari. Ya ce, "Kai, yaran nan sun yi karatu." Kwana uku ana haka. Ni kam ya ba ni tausayi, ko da yake shi ya ja wa kansa.

Ran na huɗu ya tsinci tsakuwa ya zauna bakin hanyar rijiya. Sai ga su biyun. "Baba, ina kwana?"

Kurege ya cika baki dam da tsakuwa. "Mmm." Ya tauna, ƙaras, haƙori ya tafi. Hawaye ya zubo, bai buɗe baki ba.

Kande ta ja Cindo gefe. "Yaya, ka ji ƙarar nan? Busasshiyar aya ce. Har hawaye yake don daɗi. Tsohon nan yana da rumbu na uku."

"Ni ne babba, ni zai nuna wa."

"Wanda ya ciyar da shi dai."

Shi ke nan, tsere ya tashi. Cindo ya kawo kunun gyaɗa, Kande ta kawo da zuma. Kurege ya yi ɓul-ɓul. In an yi zancen rumbu sai ya ce, "Ina dai duba wanda ya fi jin ƙaina."

Rannan Kande na share masa ɗaki, ta ci karo da tulin tsakuwa da guntun haƙori. Ta riƙe ƙugu. "Baba, wannan ce ayar? Daga yau na ɗauke kwanona."

Amma bakin Kurege bai mutu ba. Ya ce, "'Yar nan, kar ki ɗauke kwanon. Ki riƙa kawo shi a rufe, ba komai ciki. Yayanki ya gani, ya ninka nasa. Ni in ƙoshi, taki gyaɗar ta zauna a rumbu."

Kande ta fashe da dariya. "Ashe Baba da sauran karatu."

Har yau Cindo na can yana dama kunu kwano biyu, yana jiran aya.

Ƙurunƙus kan tsakuwa. In za ku koya wa ɗa rowa, ku ɓoye darasi ɗaya saboda tsufa.