Mesa a Akwatin Kamu Biyu

A unguwar Ka'akiyya ta birnin Makka akwai wani mai yankan gilashi, sunansa Ja'afaru. Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Ciwonsa ɗaya ne: in magana ta fita daga bakinsa, to ta zauna ke nan. Da zai yi tuntuɓen harshe ya ce rana daga yamma take fitowa, gara ya wuni yana juya tagar ɗakinsa da ya ce ya yi kuskure. Wannan hali ya cinye masa mutane ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta tafi ganin gida Maraɗi, ganin gidan ya shekara huɗu. Abokan shayi suka sauya majalisa ba sallama. Mutum ɗaya ya rage, Kawu Issoufou, tsohon direban bas a tashar Kudai, wanda yakan hau bene hawa uku kowace Juma'a bayan la'asar ya duba shi. Sauran kwana shida kuwa, daga Ja'afaru sai bango.

Wata rana ya tattara ragowar gilashi a wurin aiki, ya haɗa wani akwati, tsawonsa kamu biyu, faɗinsa kamu ɗaya. Ya sa masa fitila da murfin raga, ya ɗora shi a kan kanta. Ya yi kyau har ya ba shi haushi, don ba mai gani. Sai ya ƙudura zai sa masa abu mai rai, wanda zai tarar in ya dawo, kuma wanda ba zai yi masa musu ba. Ya yanke shawarar maciji.

Ranar Juma'a ya ja Kawu suka je unguwar Zahir, gidan wani saurayi mai kiwon macizai, sunansa Turki. Turki jikan Hausawa ne, haihuwar Makka, Hausarsa kamar ta aro. Kawu ya toge a bakin ƙofa.

"Ni nan na tsaya," in ji shi. "Ba ni da dangi cikin igiyoyin ƙasa."

Turki ya tambayi girman akwatin, aka gaya masa. Ya tona yashi a wani kwano, ya ɗago wani gajeren maciji mai ƙiba, ruwan ƙasa da ɗigon baƙi.

"Wannan naka ne, ya mu'allim. Macijin yashi. Ya tsufa, ya mutu, ba ya wuce kamu ɗaya da rabi. Ba fushi, ba mushkila."

Yana sake shi, macijin ya nutse cikin yashi, sai ƙwayar idonsa.

"Wato in yi kiwon yashi ke nan," in ji Ja'afaru. "In baƙo ya zo in ce masa rantse akwai maciji a ciki?"

"Wane baƙo?" in ji Kawu daga bakin ƙofa.

Ja'afaru ya yi kamar bai ji ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan wata 'yar mesa a gefe, jikinta zane-zane kamar darduma mai tsada. Ta hau hannunsa ta naɗe masa a wuyan hannu, tana leƙa fuskarsa. Ya daɗe rabonsa da wani abu ya riƙe shi haka.

"Wannan ƙarama ce?"

"Ƙarama yau," in ji Turki. "Jaririya. Uwarta mutum uku suke ɗauka. Wallahi ya ahi, shekara ɗaya, akwatinka ya zama mata hula."

Ja'afaru ya yi dariya. "Ɗan'uwa, kai macizai ka sani, ni akwati na sani. Dabba gidanta take bi. In gida ya tsaya, ita ma ta tsaya. Kawu, ku shaida: wannan ba za ta wuce akwatina ba, kuma ba zan ƙara masa ko faɗin yatsa ba."

"Na ji," in ji Kawu. "Amma ita ba ta ji ba."

Ja'afaru ya saye ta, ya sa mata suna Gimbiya. Kada a rage masa, ya so ta. Yakan dawo daga aiki ya zauna gaban gilashin ya ba ta labarin wunin, wanda ya raina aikinsa da yadda ya ƙure shi. Kowane mako ya narkar mata da daskararren ɓera, ta haɗiye, ya ce, "Lafiya, ranki ya daɗe." Ɗakin ya daina yi masa faɗi.

Gimbiya kuwa ta ci, ta saɓe, ta miƙe. Wata biyar ta cika tsawon akwatin. Wata takwas sai ta ninka kanta uku kafin ta kwanta. Ta fara goga hanci a ragar murfi, tana neman hanya, har wurin ya yi ja.

"Ja'afaru," in ji Kawu wata Juma'a, "baiwar Allahn nan ta matsu. Gilashi ba ya yi maka wuya. Ka ƙara mata gida, ko ka mayar wa yaron nan."

"Ƙiba ce kawai, Kawu. Ni na shagwaɓa ta."

Daga ranar ya ɗauki dabarar da ta kai shi ta baro. Tunda akwati ya ƙi tsayar da ita, yunwa za ta tsayar. Ya mayar da abincin mako zuwa mako uku, daga baya wata guda. In ta ɗago kai tana bin hannunsa da harshe, sai ya kau da fuska ya ce, "Haƙuri, don mutuncinmu ne." Ranar Juma'a kuma ya lulluɓe akwatin da bargo, ya ce barci take.

Kawu ya zuba ido Juma'a uku. A ta huɗu, mutumin da bai taɓa matsawa kusa da kantar ba ya tashi da kansa ya yaye bargon. Ƙashin bayanta ya fito kamar tsinin rufi, fatarta ta yi tamoji, hancin ya zama gyambo.

"Ka ji tsoron Allah," in ji shi a hankali. "Ni na manta da shaidar nan. Na yafe maka ita. Ba wanda zai yi maka dariya, ba ma wanda ya sani sai ni da yaron nan."

Da Ja'afaru ya karɓi wannan, da labarin ya ƙare a nan. Amma sai ya ce, "Kawu, tuƙin bas daban, ilimin dabba daban. In shayin ya ishe ku, hanya a buɗe take."

Tsohon ya sa takalminsa, ya sauka. Bai sake hawa ba.

Mako biyu bayan haka Gimbiya ta fara numfashi da baki a buɗe, da wani ɗan fito a ciki. Ja'afaru ya tsorata. Ya kawo ɓera, ta ƙi. Ya kawo ɗan tsako, ko kallo. Ya ɗauki waya zai kira Turki, ya tuna maganar hula, ya ajiye. Ya ce shi zai gyara abinsa ba wanda ya ji. Ya yi kwana uku yana yanka sabon gilashi, ya hau da shi bene falle-falle, ya haɗa akwati tun daga wannan bango har wancan, har sai da ya jingine katifarsa don ya samu wuri.

Ya gama da hantsi. Ya wanke hannu, ya buɗe murfin ƙaramin akwatin ya ce, "Taso ki ga gidanki."

Ba ta taso ba. Ya ɗago ta, ta zubo a hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar igiya, babu rai. Ya shimfiɗa ta cikin sabon akwatin, ta miƙe sambal, abin da ba ta samu yi ba wata da watanni. Hannunsa ya je aljihu da kansa ya zaro abin awo. Kamu huɗu da rabi. Ya buɗe baki ya ce, "Na yi kuskure." Kuma duk faɗin ɗakin babu kunnen da ya ji.

Darasi: Mai son kiwon dabba, ya tambayi girman da za ta kai, ba girman da ya tarar da ita ba, ya kuma zaɓi wadda wurinsa zai ɗauka har tsufanta. Rai ba ya tanƙwaruwa don ya dace da maganar mutum. In wanda ya fi ka sani ya gaya maka gaskiya, karɓi tun tana da amfani. Cewa "na yi kuskure" magani ne, amma tana da lokaci, kuma tana bukatar mai ji. Wanda ya jinkirta ta don kare girmansa, zai faɗe ta ranar da babu abin ceto kuma babu mai amsawa.